Yadda na auna na kuma haɗa wayoyin fulogin tsohuwar taraktata

Taraktar da nake aiki da ita Ferguson ce mai amfani da fetur, irin ƙaramar nan mai ruwan toka da aka riƙa ƙerawa a birnin Kobantiri na Ingila daga 1946 zuwa 1956, kuma duk da tsufanta ba ta cika ba ni wahala ba. Matsalar da ta sa na rubuta wannan bayani ta fara ne a hankali. Idan injin yana tsaye yana aiki ba tare da kaya ba, sautinsa lafiya lau yake, amma da zarar garma ta nutse cikin ƙasa sai ya fara tari yana tsallake bugu, ƙarfinsa kuma ya ragu kamar an riƙe shi ta baya. Da safe kuwa, idan raɓa ta sauka, sai an sha fama kafin ya tashi. Na zargi kafireta na kwance ta har sau biyu, na sauya fulogai, na goge kwantak, wato bakunan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don a samu tartsatsi, duk a banza. Abin da ya tona asirin shi ne wani dare da na tayar da injin cikin duhu na tsuguna kusa da shi, sai na ga ƙananan tartsatsi masu launin shuɗi suna tsalle daga jikin wayoyi biyu zuwa ƙarfen injin, kowane tsalle da 'yar ƙararsa kamar ana karya tsinke. Da gari ya waye na lanƙwasa ɗaya daga cikinsu a hannuna, robar ta buɗe baki a wurare da dama saboda bushewa.

Dalilin da ya sa irin wannan lahani yake ɓoyewa har sai an ɗora wa inji kaya ya cancanci a fahimce shi, domin shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. A sararin iska, wuta tana buƙatar kimanin volt 3,000 kafin ta tsallake tazarar milimita ɗaya, tazarar bakin fulogi kuwa ba ta kai milimita ɗaya ba, shi ya sa ko da wayar ta lalace za ka iya ciro fulogi ka ɗora shi a jikin inji ka ga yana ba da wuta, ka ɗauka komai daidai yake. Amma a cikin silinda, inda fistin ya matse iska da fetur, tsallake wannan 'yar tazarar yana neman ninkin wancan ƙarfin sau da yawa, har ya haura volt 10,000, kuma gwargwadon yadda aka buɗe totur aka cika silinda, gwargwadon yadda buƙatar take ƙaruwa. Ita kuwa wuta ba ta da alƙawari da fulogi, duk hanyar da ta fi sauƙi ita take bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar da ke jikin robar, musamman idan danshi ya kwanta a cikinta, ta fi bakin fulogi sauƙin tsallakewa a lokacin da injin yake jan kaya.

Da farko na bi hanya mai sauƙi na sayi haɗaɗɗun wayoyi da aka ce sun dace da tarakta mai silinda huɗu. Da na buɗe ƙunshin sai na tarar biyu sun yi tsawo har suna reto, ɗaya da ƙyar take kaiwa, kawunansu kuma irin waɗanda ake cusawa a rami ne alhali murfin distiribitata, wato na'urar da ke rarraba wuta ga fulogai, na ɗaurewa ne da ƙananan notuna. Da na yanke bakin ɗaya don in gyara, sai na ga babu ƙarfe ko kaɗan a cikinta, baƙin zare ne kawai. A nan na yanke shawarar sayen waya a dunƙule in yanka da kaina, kuma bayan na gama na gane cewa aikin bai kai wahalar da nake tsammani ba, sai dai yana da wurare uku ko huɗu da idan aka yi sakaci da su za a koma gidan jiya.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne kalmar kauri. Idan aka ce waya mai milimita 7 ko mai milimita 8, ana nufin faɗinta duka daga waje har da robar, kuma mafi yawan wannan kaurin roba ce, ƙarfen da ke tsakiya siriri ne ƙwarai. Wanda ya saba da wayoyin batir zai ga abin kamar an juya shi, domin a can ƙarfen ne yake da kauri, musamman a tarakta mai batirin volt 6 inda sitata take jan ɗaruruwan amfiya, kuma duk wanda ya sa mata siririyar waya zai ji injin yana juyawa da ƙyar. Wayar fulogi akasin haka take aiki. Wutar da take ɗauka ba ta kai ko amfiya ɗaya ba, kuma na ɗan ƙiftawar ido ne, amma matsinta dubban volt ne, saboda haka aikin da ke gabanta shi ne ta tsare wutar kada ta tsere kafin ta isa inda aka aike ta. Wannan ne ya sa babu amfanin neman waya mai ƙaton ƙarfe da fatan samun tartsatsi mai ƙarfi, kuma shi ne ya sa wayar lantarki ta yau da kullum, komai kaurin ƙarfenta, ba za ta yi wannan aiki ba, tunda siririyar rigarta ba a yi ta don irin wannan matsi ba.

Ga tsofaffin taraktoci, milimita 7 shi ne ma'aunin da aka saba da shi, kuma ramukan murfin distiribita da na maganeto (na'urar da ke samar wa fulogai wuta ba tare da batir ba) da notunan da ke riƙe waya duk a kansa aka ƙera su. Waya mai milimita 8 an fi yin ta ne don motocin baya-bayan nan masu koyil (abin da ke ninka wutar batir ta kai dubban volt) mai ƙarfin gaske, kuma ko da yake robarta ta fi yawa, ba ta ƙara wa tsohon inji komai sai wahalar shigarwa. Na taɓa ganin inda aka fere bakin irin wannan waya da wuƙa don ta shiga ramin murfi, wato an rage robar daidai wurin da aka fi buƙatarta. Masu taraktocin Ford 9N da 2N da 8N suna da ƙarin dalili, domin a waɗannan injuna wayoyin kan bi ta cikin wani bututun ƙarfe da ke kwance a saman injin, kuma wayoyi huɗu masu kauri ba za su wuce ta cikinsa cikin sauƙi ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka auna tsohuwar wayar da ke jiki, ko kuma ka tafi da murfin kansa ka gwada sabuwar wayar a raminsa kafin ka saya, ka ga ta shiga daram ba tare da tilas ba kuma ba ta lilo.

Zaɓin da ya fi kauri muhimmanci shi ne na abin da ke cikin wayar, kuma a nan ne na fi ganin ana kuskure. Iri uku ne ake samu. Akwai mai silillan jan ƙarfe, wadda ita ce ta asali a zamanin da aka ƙera waɗannan taraktoci, tirjiyarta kuma, wato yadda take hana wuta wucewa, kusan babu. Akwai mai zaren da aka cusa wa garin kabon, wadda ta yaɗu a motoci saboda wayar jan ƙarfe tana watsa hayaniyar da ke shiga rediyo da talabijin, ita kuwa mai kabon tana danne wannan hayaniya ta hanyar tirjiyar da ta kai dubban om (ma'aunin tirjiya) a kowace ƙafa ɗaya. Sai ta uku, wadda aka naɗe siririyar waya kewaye da zare kamar sifirin, tana rage hayaniyar amma tirjiyarta ba ta da yawa kamar ta kabon. Mota mai sabon tsarin wuta tana da rarar ƙarfin da za ta yi asararsa a cikin kabon ba tare da ta ji a jikinta ba. Tsohuwar tarakta mai kwantak da batirin volt 6 ba ta da wannan rara, musamman a lokacin tayarwa, sa'ad da sitata ta janye mafi yawan ƙarfin batirin ta bar wa koyil saura. Bugu da ƙari, zaren kabon yana karyewa daga ciki saboda jijjiga da yawan ja, robar kuma tana nan sumul a waje, ta yadda ido ba zai taɓa nuna maka inda cutar take ba.

Idan taraktar maganeto take amfani da shi, kamar Farmall H mai maganeton H4 ko tsofaffin John Deere masu silinda biyu da aka sanya wa na Wico, to maganar jan ƙarfe ta ƙara ƙarfi. Maganeto da kansa yake samar da wutarsa daga juyawar maganaɗisu, kuma ya fi rauni a lokacin da injin yake juyawa a hankali, wato daidai lokacin da ake murɗa hannun tayarwa. Haɗa masa wayar kabon, sannan a ƙara da fulogi mai tirjiyar om 5,000 a cikinsa, daidai yake da ɗora wa mai rauni kaya biyu. Wuri ɗaya ne na san wannan shawara take juyewa, shi ne inda aka cire kwantak aka sa na'urar lantarki a madadinsa. Wasu daga cikin waɗannan na'urori ba sa jure hayaniyar wayar jan ƙarfe, masu ƙera su kuma sukan rubuta hakan ƙarara a takardar da ke tare da su, saboda haka mai irin wannan gyara ya bi takardarsa, ya nemi naɗaɗɗiyar waya. Tawa taraktar kwantak ɗinta na asali yana nan, don haka jan ƙarfe na saya, tsawon mita uku, wanda ya ishe ni wayoyi huɗu da ta koyil har da saura.

Game da rigar wayar ba ni da dogon bayani. Mai silikon ta fi jure zafi kuma tana daɗewa da laushinta, mai saƙar zare a waje ta fi kama da ta asali ga wanda yake son taraktarsa ta fito kamar ranar da aka ƙera ta, amma mai da datti suna kama ta. Tawa ta aiki ce, don haka ban damu da ado ba.

Wajen tsawo, ban amince da kowane jadawali ba, kuma ban amince da tsofaffin wayoyin a matsayin ma'auni ba, domin ban san hannu nawa suka ratsa kafin su zo gare ni ba. A jikin injin na auna kowace waya. Na haɗa kan da zai hau fulogi tukuna a bakin dunƙulen, na ɗora shi a kan fulogin, na bi da wayar ta hanyar da za ta zauna har zuwa raminta a murfi, na yi alama da ɗan tef, sannan na ƙara kimanin santimita uku kafin in yanka, rabi don bakin da za a fere, rabi don sassauci. Sassaucin nan yana da dalilai biyu. Inji yana jijjiga, kuma wayar da ta miƙe tsaf kamar tsirkiya za ta riƙa jan kanta har ta zare daga ƙarfen bakinta. Sannan a distiribitar da ake juya jikinta don saita lokacin wuta, dole wayoyin su ba ta damar juyawa kaɗan hagu da dama. Yawan tsawo shi ma aibi ne, ba don wutar tana raguwa ba, tunda a jan ƙarfe santimita goma ba sa rage komai, sai don wayar da ke reto tana gogar ƙarfe, tana kusantar fanka, ko ta kwanta a kan bututun hayaƙi ta ƙone. Ina barin tazarar yatsu biyu aƙalla tsakanin waya da duk wani abu mai zafi ko mai motsi, kuma ba na ɗaure wayoyin cikin dami ɗaya a matse na dogon zango, domin wutar da ke gudu a ɗaya tana iya tayar da wuta a maƙwabciyarta idan sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Kafin a cire ko da waya ɗaya, a san tsarin bugun injin, wato jerin da silindoji suke bi wajen samun wuta. Silinda ta ɗaya ita ce ta gaba, kusa da lagireto. Ferguson ɗina tana bugawa 1-3-4-2, haka ma Farmall H, amma Ford 9N da 2N da 8N suna bugawa 1-2-4-3, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya sa wanda ya saba da ɗaya ya rikice a kan ɗaya. Mafi sauƙi shi ne a sauya wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kada a taɓa ta biyu sai ta farko ta zauna. Ni ban yi haka ba, na tuge su duka cikin zumuɗi, saboda haka sai da na nemo wurin farawa daga tushe. Na kashe makulli, na tabbatar giya tana firi, na cire fulogin silinda ta ɗaya na toshe ramin da babban yatsana, na riƙa juya injin a hankali da hannu har na ji iska tana ture yatsan, alamar fistin yana hawa a bugun matsi. Da ya kai ƙololuwa na buɗe murfin na duba ramin da rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a ƙarƙashin murfin, take nunawa, wannan shi ne na silinda ta ɗaya, sauran kuma na jera su bisa tsarin bugu ta ɓangaren da na ga rotar tana juyawa da idona. Mai maganeto ya ƙara kula a wannan mataki, ya cire wayoyin daga dukkan fulogai kafin ya taɓa hannun tayarwa, domin maganeto ba ya jiran batir, kuma inji yana iya tashi a hannun mutum.

Haɗa kawunan shi ne ainihin aikin, kuma a ganina wayoyin da aka yi a gida sun fi mutuwa ta nan fiye da ko'ina. Hular roba ake fara zurawa kafin a matse kan ƙarfe. Na manta da wannan a waya ta farko, na matse kan da kyau ina yaba wa kaina, sai na hangi hular a kan benci tana jirana, dole na yanke na sake. Ɗigon ruwan sabulu ko ɗan man silikon yana sa hular ta zame cikin sauƙi, amma kada a yi amfani da man inji domin yana cin wasu robobin. Bayan haka sai a fere robar kimanin milimita 15 daga baki. Ina zagaya wuƙa a hankali ba tare da ta kai ga ƙarfen ba, sannan in lanƙwasa wurin har sauran robar ta tsage da kanta in zare ta, domin sililin da wuƙa ta yi wa rauni shi ne zai fara karyewa. Sai in murɗa silillan su haɗu, in tanƙwaso su baya su kwanta a jikin robar, in ɗora wayar a cikin kan ƙarfen ta yadda silillan za su kasance a ƙasan kwarin, nesa da inda fikafikan biyu za su haɗu. Idan aka matse, fikafikan suna naɗowa su nutse kaɗan cikin robar su riƙe ta, silillan kuma suna matse tsakanin roba da ƙarfe. Filaya ta musamman da aka yi don wannan aiki tana naɗe fikafikan a zagaye, filaya ta yau da kullum kuwa tana baje su ne kawai, don haka wanda ba shi da ta musamman ya tanƙwasa fiffike ɗaya tukuna, ya ɗora na biyun a kansa, yana matsawa kaɗan-kaɗan yana juya wayar. Gwajina shi ne in riƙe kan da hannu ɗaya, wayar da ɗaya hannun, in ja da ƙarfi. Wanda ya motsa a hannuna zai fita a gona.

Ɓangaren murfin nawa ya bambanta, kuma na ji daɗin sauƙinsa. Ana zura wayar ta cikin notin, a fere ɗan bakinta, a zura silillan ta hudar wata ƙaramar washa ta tagulla, a baje su a kanta kamar ƙafafun gizo-gizo, sannan a ɗaure notin cikin murfi da yatsu har ya danne washar a gindin ramin. Wasu murafan kuma ta gefe wayar take shiga, wani sukuru mai tsini ya huda robar daga ciki ya taɓa ƙarfen, kuma a irin waɗannan ba a fere komai, sai dai a yanke bakin daidai a tura shi har ƙarshe. Dukkan tsarin biyu an yi su ne da zaton akwai ƙarfe a cikin wayar, wanda ya ƙara nuna dalilin da ya sa zaren kabon bai dace da su ba. Kafin in ɗaura na leƙa ramukan murfin da tocila, na tarar biyu sun yi kore saboda tsatsa, na goge su da takarda mai kaushi da na naɗe a jikin tsinke har tagullar ta fito.

Akwai masu narka dalma a kan mahaɗin bayan sun matse, kuma a wayar jan ƙarfe hakan yana yiwuwa. Ni na bar shi, domin dalma tana bin silillan ta sandarar da su, kuma daidai inda sandarewar ta ƙare nan jijjiga take karya waya, ga zafin da ke lalata robar kusa da baki.

Da na gama kowace waya na ɗora mata mita daga kai zuwa kai. Jan ƙarfe ya kamata ya nuna kusan sifili, kuma ina lanƙwasa wayar ina girgiza kawunan yayin da nake kallon mitar, domin mahaɗin da bai kama da kyau ba yana nuna kansa ne ta hanyar tsallen lamba. Ta uku ta yi mini haka, na yanke kan na tarar silillan sun zame gefe sun fita daga ƙarƙashin fiffike, kuma santimita ukun da na ƙara su ne suka cece ta daga zama shara. Wayar koyil na bar ta a ƙarshe na kuma fi ba ta kulawa, tunda kowace wayar fulogi bugu ɗaya cikin huɗu take ɗauka, ita kuwa duka huɗun ta cikinta suke wucewa. Daga nan na tura kowace hula har na ji ƙarfen ya kama kan fulogi, na tayar da injin, na jira dare na sake tsugunawa inda na tsuguna a baya, na fesa wa wayoyin ɗan ruwa kamar raɓa, ban ga ko ƙyalli ɗaya ba. Washegari na sa garma a wurin da ƙasar ta fi tauri na buɗe totur, injin ya nutsa muryarsa ya ja ba tare da tari ba. Ragowar wayar, wadda ta ɗan haura rabin mita, na haɗa mata kai ɗaya da hula na naɗe ta na ajiye a akwatin sifanu na taraktar, tare da noti ɗaya da washa biyu.